Ma'aikacin sa ido da inda ya fito: shawarwarin da masu aikin a Zamfara suka bayar

Waɗanda suka daɗe a aikin duba wuraren haƙar zinare sun yarda cewa inda ma'aikaci ya fito shi ke nuna abin da idonsa zai fara gani.

Jami'in mulki da aka yi wa sauyin ma'aikata ya iya fayil da wasiƙa, amma in ya shiga fili takarda zai nema. Duba-gari kuwa ƙasa yake kallo: ƙurar dutse a tsakar gida, injin niƙan hatsi da aka mayar na niƙa dutse, yara na rarrafe a wurin. Ta haka gubar dalmar da ke cikin dutsen ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010. Duba-garin ne zai ce a fitar da niƙa bayan gari, a riƙa jiƙa dutsen don ƙura ta kwanta, a canza kaya kafin a koma gida. Shi ya sa suka ce a haɗa su biyun a fita ɗaya.

Wanda ya fito daga kamfanin haƙa ya san duk dabarun, sai dai kunyar tsofaffin abokan aiki kan ɗaure masa hannu. Kada a tura shi inda ya bari.

Sun kuma ja kunnen jami'an jiha: dokar ma'adinai ta 2007 ta bar lasisi a hannun tarayya, naku lafiya da muhalli ne. Kuma kada a sauya wa mutum wuri sai ya rubuta takardar miƙa aiki, da sunayen wuraren da aka gargaɗa da ranar komawa.