Musayar Waƙa: Goshi a Ƙasa, Hankali a Kasuwa

Ɗan Bandiri:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga tawa damuwar, amsa-amo "ya". Mai amsawa ya amsa da baiti, ban da zagi.

Na fara da sunan Allah Sarki,
Masanin abin da ke ɓoye a zuciya.

Salloli biyar ba na wasa da su,
Ina sahun gaba tun duhun safiya.

Baki na karanta Fatiha,
Hankali na Kwari yana ƙirgen dukiya.

Babana Baƙadire ne na gidan Kabara,
Da amon bandiri na koyi tafiya.

Kawuna muƙaddami ne, Batijjane,
Magariba ba ta riskarsa sai a zawiyya.

Abokai sun ce duka bidi'a ce,
In watsar in kama Sunna ita ɗaya.

Wasu kuma a intanet suna ta faɗin
Ruhi ne gaba, addini al'adar jiya.

To wa zan bi a cikinsu, jama'a?
Ko kuwa in share tawa hanya?

Na Dutsen Jos:
Wa alaikumus salam. A Jos aka haife ni, garin da Shehi Isma'ila Idris ya kafa Izala a 1978, don haka kun san inda na dosa.

Ɗan'uwa, hanya an gama share ta,
Ranar Arfa aka saukar da aya.

"Yau na cika muku addininku,"
Mai ƙari a kan cikakke zai sha wuya.

Azkar na safe da na yamma suna nan,
Kowanne da isnadi, kowanne da ruwaya.

Bushewar zuciya maganinta Alƙur'ani,
Da tsayuwar dare in ka kashe waya.

Mai ce maka ruhi ba ruwansa da sallah,
Son ransa ya naɗa sarki, yake wa biyayya.

Baffan Damagaram:
Ni tsoho ne, ƙwar biyu ta yi min kaɗan, ku yi haƙuri da ƙwar huɗu. Ɗana, ka nemi tarihin Imamu Gazali. A 1095 ya ajiye koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, alhali yana kan ganiyarsa.

Ɗana, na ji kukanka,
Ciwon nan ya kama manya kafinka,
Gazali da iliminsa ya riga ka,
Harshe ya ɗaure, ya bar kujera ya kama hanya.

Jibrilu ya zauna gwiwa da gwiwa,
Musulunci ya fara tambayowa,
Sai imani, ihsani na biyowa,
Ka bauta kamar kana ganinSa: nan muke neman tarbiyya.

Ɗan Jos, lazimina ba shi da asiri,
Ɗari-ɗari ne, farkonsa istigfari,
Salatin Annabi, hailala ta cika jeri,
Wanne a cikinsu ya saɓa wa aya?

Amma ɗana, kar ka zo da gaggawa,
Wuridinmu in an karɓa ba a ajiyewa,
Ba a haɗa shi da wani, ba a ɗanɗanawa,
Yi istihara tukuna, ka auna niyya.

Jajin Sakkwato:
Baffa, barka da hutawa. Ku maza in an ce Allah sai ku fara ƙirga tuta. Nana Asma'u ta rasu a 1864, ta bar 'Yan Taru suna bin ƙauyuka suna koya wa mata tsarki da sallah da gyaran hali a tare, ba ta raba musu su ba.

Ƙanena, ka ce hankalinka na Kwari,
To can za mu je mu duba zuciya.

In tsohuwa ta zo sayen yadi biyar,
Almakashi na bin alli, ko yana ja da baya?

In maƙwabcin shago ya fi ka ciniki,
Barka kake yi, ko ciki na ƙuna kana dariya?

Na ga mai carbi dubu yana tauye mudu,
Na ga mai ɗangalallen wando yana ƙarya.

Na ga mai cewa zuciyarsa fara ce,
Goshinsa rabonsa da ƙasa tun shekaran jiya.

Shehu Mujaddadi Baƙadire ne,
Bello ya sauki Umarul Futi, Batijjane, lafiya.

Shekaru ya yi a Sakkwato yana baƙunci,
'Yar Bello ya aura, aka haɗa zuriya.

Baƙon Ingila:

Ni kam na gaji, bari in faɗa muku,
Raddi a kan raddi, kullum jayayya.

Masallaci biyu a layi guda a garinmu,
Lasifika na amsa wa lasifika don hamayya.

Nan maƙwabcina Bature ya bar coci,
Yakan rufe ido ya zauna shiru da safiya.

Ya ce ya sami natsuwa ba limami,
Ban bi shi ba, amma na bar yi masa dariya.

Katin kowace ƙungiya na mayar,
Sallata na riƙe, da azumi, da Littafi ɗaya.

Ko da mutane sun ba ka fatawa,
Manzo ya ce wa Wabisa ya tambayi zuciya.

Na Dutsen Jos:

Wabisa sahabi ne, Baƙon Ingila,
A gaban Manzo ya sami tarbiyya.

Zuciyar da ta kwana a TikTok,
Tambaye ta ka ji, za ta sharara maka ƙarya.

Baffan Damagaram:
Ikon Allah, yau na ga ranar da zan goyi bayan yaron nan.

Ɗan Jos, yau bakinmu na haɗuwa,
Ayarin gishiri in Bilma yake zuwa,
Ba madugu, Tenere ba ta ƙetaruwa,
Mai tafiya shi kaɗai ba ya gane rijiya.

Sai dai zaɓen madugun naka ne, ɗana,
Ba a rabonsa ranar rabon gona,
Wuridina daban yake da na babana,
Ya yi fushi, ya huce, muka shirya.

Ɗan Bandiri, kai da kake Kano ma ka fi ni sani. Sarki Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a aikin hajjin 1937, daga nan ƙofar Kaulaha, garin Shehun a Senegal, ta buɗe wa Kanawa, kuma gidan Malam Nasiru Kabara bai fasa Maukibi, jerin gwanon Ƙadirawa na shekara-shekara, ba. Gari ɗaya ya ɗauke su.

Baƙon Ingila:

Baffa, na ji batun madugu,
Amma na ga wanda ya sayar da ayari, ya kwashe kaya.

Jajin Sakkwato:

Shi ya sa ake duba gidansa tukuna,
Yadda yake da matarsa, da bashi, da ajiya.

Ɗan Bandiri:

Na gode Baffa, na gode Yaya,
Daren jiya na tari Baba da tambaya.

Na zaci faɗa zai yi, sai ya yi shiru,
Ya ajiye carbi a buzu, ya yi dariya.

Ya ce: "Tun a Ahalari ka tsere kasuwa,
Da wane karatu za ka tantance hanya?

Koma ka ƙarasa, ka shiga Risala,
Wanda ka zaɓa, tuwonka na nan a ƙwarya."

Ban karɓi wuridi ba, ban yanki kati ba,
Asabar zan koma zauren malam da safiya.

Na Dutsen Jos:

Baffa, akwai bashi tsakaninmu,
Farin ƙyallen wazifa, ina ruwaya?

Baffan Damagaram:

Gobe bayan isha'i ka zo da littafinka,
Ka ce a gaida min mahaifinka,
Zan nemo tabarau in amsa maka,
In jikana ya sa min kati a waya.