Ta yaya zan zana jarumin da zai yi kama da namu?

Tambaya daga wani mai zanen kwamfuta, Mabera

Assalamu alaikum. Sana'ata ita ce zanen katin aure, kalanda da allunan talla a nan Sakkwato, kuma tun ina yaro nake son fina-finai da littattafan labari cikin zane na jarumai masu ƙarfin ban mamaki. Yanzu na ƙudiri aniyar fitar da nawa littafin da Hausa, mai shafi 24, amma abubuwa biyu sun tsaya mini. Na farko, duk jarumin da na zana, idan na ja baya na dube shi da kyau, sai in ga jarumin Amurka ne na ɗora wa rawani, domin tsayuwarsa da faɗin ƙirjinsa da matsattsun kayansa duk ba namu ba ne. Na biyu, nau'in haruffan da ake rubuta maganar jarumai da su ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai kwamfuta ta bar mini ɗan akwati a gurbinsu. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Amsa daga wani tsohon ma'aikacin maɗaba'a

Wa alaikumus salam, ɗana. Zan fara da abin da ba ka tambaya ba, domin shi ne zai ci maka kuɗi. Launin da kake gani a fuskar kwamfuta haske ne, wanda zai fito a takarda kuwa tawada ce guda huɗu da ake haɗawa, shi ya sa dole ka mayar da aikinka zuwa CMYK, wato tsarin launi na tawada huɗun nan, tun daga shafin farko, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ka kuma riƙa lissafin shafuka huɗu-huɗu. Shafi 24 ya yi daidai. Har manyan kamfanonin Amurka injin buga takarda ya juya su: lokacin da jaruminsu Hulk ya fara fitowa a 1962 ruwan toka ne, amma da yake launin ya ƙi zama iri ɗaya daga shafi zuwa shafi, sai aka mayar da shi kore a fitowa ta biyu, kuma a haka duniya ta san shi. Saboda haka ka zaɓar wa jaruminka launi biyu ko uku masu ƙarfi, waɗanda ko a takarda mai araha za su tsaya.

Batun haruffa kuwa, kada ka yarda ka rubuta k a gurbin ƙ, domin kafa daban, ƙafa daban. Nau'in haruffan kwamfuta da ake kira Noto da Andika suna da haruffanmu masu lanƙwasa, kuma kyauta ne. Idan hannunka yana da kyau, ka rubuta maganganun da kanka, kamar yadda masu wannan sana'a suka yi shekara da shekaru kafin zuwan kwamfuta.

Amsa daga wata malamar makaranta, Runjin Sambo

Ƙanena, matsalarka ta farko ita ce ta fi damuna, kuma ina ganin tushenta shi ne ka fara da jiki sannan ka nemi tufafi. Kayan Superman, wanda ya fara fitowa a 1938, sun samo asali ne daga shigar ƙarfafan mutanen da ke nuna bajinta a wuraren wasa na ƙasarsu a wancan zamani, wato su ma daga abin da idonsu ya saba gani suka ɗauko. Da aka zo shirya fim ɗin Black Panther na 2018, Ruth Carter, wadda ta tsara tufafin, ta yi nazarin bargunan mutanen Lesotho, da adon duwatsu na Masai, da shigar Buzaye, kuma aikin ya ba ta lambar Oscar a 2019. Abin lura shi ne ba ta kwaso kayan ta jibga wa mutum ɗaya ba, kowace ƙabila a fim ɗin ta ba ta abu guda da za a gane ta da shi daga nesa.

Kai kuwa ba ka buƙatar tafiya ko'ina. Ka je wurin dukawa ka zauna, ka ga yadda suke yanka jar fatar akuyar Sakkwato suna dasa mata kore da baƙi, fatar da ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ka dubi aska takwas a ƙirjin babbar riga, wadda da kanta alama ce da ta fi ƙarfin duk wani harafi da za ka manna wa jarumi a gaba. Ka shiga gidan tarihi na Waziri Junaidu da littafin zanenka, ka kuma tsaya kusa da mahaya ranar hawan Sallah ka dubi lifidi da kwalkwali da yadda alkyabba take zuba a bayan doki. Bayan haka sai ka cika zanen jarumin da baƙi gaba ɗaya, ya zama inuwa kawai, ka nuna wa yaro. Idan ya ce wannan mutumin garinmu ne, ka samu.

Amsa daga wani ɗalibin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo

Na yarda da Malama a kan tufafi, sai dai a ganina ko an gyara shiga, tsayuwar za ta tona asiri. Yaya, ka je gidan dambe. Ɗan dambe yana miƙa hannun garkuwa gaba, ya janye naɗaɗɗen hannu baya, ya ware ƙafafu ya ɗan rusuna, kuma wannan siffar ba ta cikin kowane littafin Amurka. Ga kirari, wanda zai cika maka shafin farko fiye da kowace doguwar gabatarwa. Wanda ya saurari yadda Ɗan Anace yake wasa Shago ya san cewa mun daɗe da sanin yadda ake gina gwarzo da baki.

Ina kuma roƙonka da ka yi hattara da abu biyu. Kada ka zana fuskar Shehu ko Sarkin Musulmi Bello ko Nana Asma'u ka ba su ƙarfin almara, domin mutanen garin nan ba za su karɓa ba, kuma suna da gaskiya. Sannan ka yi tunani sosai a kan inda ƙarfin jarumin ya fito, tunda idan ka jingina shi ga tsafi iyaye ba za su saya wa 'ya'yansu ba. Game da hukuncin zana mai rai, malamai sun yi maganganu mabambanta, ya kamata ka zauna da malaminka tun kafin ka kashe kuɗin bugu.

Mai tambaya ya dawo

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na sauke Andika a daren jiya, kuma haruffan uku duk sun fito. Malama, na gwada inuwar da ƙanena, ya ce mutumin fim ne, saboda haka na ajiye zanen na koma farko. Yanzu ina tunanin jarumin ya zama ɗan dukawa mai tsayuwar 'yan dambe, da ja da baƙi kawai a jikinsa. Abin da ban warware ba shi ne tushen ƙarfinsa, kuma zan so in ji ra'ayinku a kan hakan kafin in zana shafi na biyu.