Shawarwarin Masu Tara Tsofaffin Katunan Baseball

Da aka tattauna kan tara tsofaffin katunan wasan baseball na Amurka, sunan Honus Wagner ya fi yawo a bakin mutane. Ɗan wasan ƙungiyar Pittsburgh Pirates ne, yana cikin mutum biyar na farko da aka karrama a zauren gwarzayen wasan a 1936. Katinsa na jerin T206, wanda kamfanin taba ya riƙa sakawa cikin kwalin sigari daga 1909 zuwa 1911, kaɗan ne ya fita, shi ya sa aka sayar da guda a kan dala miliyan 7.25 a 2022.

Gogaggu sun ce sabon shiga kada ya sa rai da irin wannan. Ya fara da katunan 'yan wasan da ba su yi suna ba, ya koyi takardarsu da bugunsu, domin jabu ya yi yawa. Mai tsada kuwa, sai wanda kamfanin tantancewa irin su PSA ya duba ya ba shi maki daga 1 zuwa 10. An fi jan kunne kan katin da aka datse gefensa don ya yi kyau, kuma ni ma nan na fi jin tsoro. Ajiya kuma, cikin leda mai tauri, nesa da rana da damshi.