Ina zan samu ƙungiyar masu taimakon juna wajen daina shan giya a Jos?

Baƙon Tudu:
Assalamu alaikum. Ina neman shawara a kan abin da na kasa faɗa wa kowa baki da baki. Ni magidanci ne a nan Jos, kuma na daɗe ina shan giya a ɓoye. Da ta kwalba na fara a wurin abokan aiki, yanzu kuwa har goskolo nake sha idan aljihu ya bushe. Duk azumi nakan daina, amma kafin a gama yawon Sallah na koma ruwa. Wa'azi ba shi na rasa ba, domin na san hukuncin abin tun ina makarantar allo. Abin da nake nema shi ne mutanen da suka sha suka daina, waɗanda zan zauna da su ba tare da labarina ya isa unguwa ba.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yaye maka, ni ma ta wannan hanya na biyo. Irin ƙungiyar da kake nufi ta samo asali ne daga Alcoholics Anonymous, wadda wasu mashaya biyu, Bill Wilson da Dakta Bob Smith, suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935. Tsarinta ya dace da damuwarka: ba a biyan kuɗin shiga, ba a rubuta cikakken suna, kuma abin da aka faɗa a zama ba ya fita waje. Ana zama ne a kewaye, kowa ya faɗi yadda makonsa ya kasance, babu mai katse shi balle ya yi masa faɗa, sannan sabon shiga yakan zaɓi wani da ya daɗe da dainawa wanda zai riƙa kira a waya duk lokacin da sha'awar ta taso. Wannan kiran ya fi komai yi mini amfani, musamman ranar da albashi ya shigo.

Irin waɗannan ƙungiyoyi ba sa kafa allo a bakin titi, saboda haka ta asibiti ake samun su. Ka je sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na JUTH, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ka tambayi ma'aikatan walwala ko akwai zaman rukuni na masu daina shaye-shaye, da kuma inda suke tura waɗanda aka sallama. Kafin nan, akwai zaman da ake yi ta Zoom dare da rana, galibi da Turanci, kuma kana iya rufe kyamara ka saurara kawai.

Malam Na Masallaci:
Ina da 'yar togaciya. A wurare da yawa a harabar coci ake ba su ɗakin zama, kuma a gari irin namu Musulmi zai yi nauyin ƙafa kafin ya shiga. Ƙungiyar dai ba ta wani addini ba ce, aron ɗaki kawai take yi, kuma matakai 12 da take bi wajen daina sha sun bar kowa da Ubangijinsa yadda ya san shi. Musulmin Baltimore ma sun kafa tasu mai suna Millati Islami a 1989 bisa wannan tsari. Laifinmu ne da muka bar masallatai ba su da ko ɗaki guda na irin wannan zama.

Ma'aikaciyar Jinya:
Baƙon Tudu, kafin maganar ƙungiya ina da tambaya: a kwanakin farko na azumi, hannunka yana rawa? Kana gumi da dare, barci ya ƙaurace maka? Idan haka ne, jikinka ya riga ya saba, kuma yanke giya lokaci guda yana da haɗari. Rawar jiki takan fara ne cikin awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, farfaɗiya tana iya biyowa cikin kwana biyu, sannan a kwana na biyu zuwa na uku wasu sukan rikice su riƙa ganin abin da babu shi, har 'yan'uwa su ce iska ce su nufi wurin ruƙiyya, alhali wannan yanayi yana kisa. A asibiti akan ba da magani irin su diazepam ana rage shi a hankali, tare da bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwa. Don Allah kada ka saye shi da kanka a kemis, domin haɗa shi da giya yana iya tsayar da numfashi. Ƙungiya tana riƙe mutum ne bayan ya daina, amma ba ta maye gurbin likita a makon farko.

Uwar Biyu:
Yayana ya sha wannan fama. Roƙona shi ne ka faɗa wa uwargidanka da bakinka, domin da wuya a ce ba ta sani ba, kunya ce kawai ta hana ta magana. Kuma duk wanda ya kawo shawarar gidan mari, ku ƙi. Kowa ya ga mutanen da 'yan sanda suka fito da su da sarƙa a ƙafa a Kaduna a 2019.

Baƙon Tudu:
Na gode ƙwarai. 'Yar'uwa ma'aikaciyar jinya, abin da kika faɗa haka yake, domin a farkon azumi ko kofin kunu ba na iya riƙewa da hannu ɗaya wajen buɗa-baki, ni kuwa na ɗauka yunwa ce. Shin kai tsaye zan wuce sashen ƙwaƙwalwar?

Ma'aikaciyar Jinya:
Ka fara yankar kati a sashen marasa lafiya na waje, su za su tura ka. Ka faɗa wa likita gaskiyar yawan abin da kake sha a rana da lokacin da ka sha na ƙarshe, domin da wannan zai auna ko kwantar da kai za a yi ko kuwa za ka riƙa zuwa daga gida.