Wane suna za mu raɗa wa wannan kiwon?

1/ Jama'a, mu tsayar da magana kan abin da Turawa ke kira regenerative grazing. Shawarwari kan sunan da za mu ba shi da Hausa sun shigo da yawa, ga matsayata.

2/ Mu fara da aikin kansa. A raba makiyaya gida-gida, a tara dabbobi wuri ɗaya su ci na ɗan lokaci, sannan a kaɗa su gaba, a bar wurin ya huta har ciyawa ta dawo sosai. Shanu su yanke gamba mai tsayi, tumaki su bi gajeriyar ciyawa, awaki su kama ganye, zabi da kaji su biyo baya suna tona kashin shanu suna baza shi. Ganyen da ya sake tohowa yana zuƙar iskar kabon, saiwa ta kai wani kaso ƙarƙashin ƙasa, kofato ya tattake busasshiyar ciyawa ta ruɓe. Da haka ƙasa ke yin duhu, ta riƙe ruwa. Allan Savory na Zimbabuwe ya yayata tsarin, amma Bafaranshe André Voisin ya riga shi rubutu a kai tun 1957.

3/ "Kiwon zamani" ban yarda da shi ba. Mutanen Maraɗi sun ci nasara da sunan "sassaben zamani", wato barin tohon itatuwa ya girma a gona maimakon a sare shi duka, to amma a bakin mutane kiwon zamani ya riga ya zama na kajin gidan gona da shanun da aka killace.

4/ "Kiwon karɓa-karɓa" yana da daɗin faɗa, sai dai zagayen kawai ya kama. Kana iya zagayawa da garke ka dawo kafin ciyawa ta warke, ka mayar da wurin fako.

5/ "Kiwon raya ƙasa" kuwa, mai sauraron rediyo zai zaci shirin gwamnati ne.

6/ Na zaɓi "kiwon farfaɗo da ƙasa". Manomi da kansa yake cewa gona ta gaji, ko ta mutu. Shi ya sa bayan girbi yake roƙon Bafulatani ya sauke garke a gonarsa, har ya ba shi dawa, domin ya san mashekari ya fi ko'ina yabanya. Idan ka ce masa farfaɗo, ba sai ka ƙara bayani ba.

7/ Saura sunan soil carbon, wato kabon ɗin da ke taruwa a cikin ƙasa. A rubutu mu ce "kabon na ƙasa". A gona kuwa "ƙarfin ƙasa" muke ji. Malaman gona, ku da ke fita karkara, wanne kuke faɗa wa manoma?