"Saikilin" na tankin kifi: wace kalma za mu ba shi?

Assalamu alaikum, masu kiwon kifin ado da ma'abota harshe. Kwana uku ke nan muna ja-in-ja a kan kalma ɗaya. Bari in tattara abin da aka ce, in faɗi inda na tsaya.

Kalmar ita ce wadda Turawa ke kira "saikilin". Duk wanda ya sayi sabon tankin kifi sai ya ci karo da ita. Wanda ya fara amsa mini cewa ya yi, "Malam, ai hawan keke ke nan." Bai yi ƙarya ba, a Turanci kalmar ɗaya ce, amma a nan babu keke babu feda.

Ga abin da ake nufi. Kifi yana fitar da amoniya, mafi yawanta ta gaɓar da yake numfashi da ita. Kashinsa da ragowar abincin da ya ruɓe su ma amoniya suke zama. A kogi ruwa yana tafiya da ita, a cikin gilashi kuwa ba ta da wurin zuwa, kuma guba ce. Akwai ƙwayoyin bakteriya da ke cinta su mayar da ita naitirayit. Shi ma guba ne: yana shiga jinin kifi ya hana shi ɗaukar iskar oksijin, sai ka ga kifi yana haki a saman ruwa alhali famfon iska yana aiki. Wani rukunin ƙwayoyin ne ke juya naitirayit ya koma naitiret, wanda kifi ke jurewa in bai yi yawa ba. Sabon tanki ba shi da isassun ƙwayoyin nan. Jiran da za ka yi kana ciyar da su har su yawaita, shi muke nema wa suna. Yakan ɗauki mako 4 zuwa 6, wani lokaci ya kai 8.

Wani ɗan'uwa ya kawo "zagaye". A aji, in ana koyar da zagayen naitirojin, ba ni da ja. Amma ka ce wa sabon shiga "ka zagaye tankinka?", tashi zai yi ya kewaya tebur.

Mutum huɗu suka ce "kwantar da ruwa". Wannan ce na fi tsoro, domin ita ta kashe mini kifi. Lokacin da na fara, wanda ya sayar mini da tanki cewa ya yi in bar ruwan ya kwanta na 'yan kwanaki. Na bar shi mako guda, ya yi garau, na zuba kifi goma. Kafin mako biyu shida sun tafi. Ruwa ya kwanta ɗin, amma babu abin da ya girma a ciki, tunda ban ba ƙwayoyin komai sun ci ba. Amoniya ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Kalmar da za ta sa mutum ya dubi hasken ruwa ya ce an gama, ba za mu ɗauke ta ba.

Wata malama ta ce "tsima ruwa". Malama, na ji daɗin wannan, akwai haƙuri da lokaci a cikinta. Sai dai abin da aka tsima ajiye shi ake yi a tafi, ba a ciyar da shi. Sannan har yanzu hankali yana kan ruwan, alhali ƙwayoyin ba a ruwa suke zaune ba. Manne suke a soson filta, wato na'urar tace ruwa, da tsakuwa, da jikin gilashi. Shi ya sa za ka canza rabin ruwa ba ka rasa su ba, amma ka wanke soso a ruwan famfo mai kulorin kana iya halaka su. A tsohon ruwan tanki ake matse soso.

Daga nan na zo kan "raino". Abin raino ana ciyar da shi, ana duba lafiyarsa, ba a gaggauta girmansa, in aka yi sakaci ya mutu. Aikin ke nan babu ragi. Ka zuba amoniya kamar miligiram 2 a kowace lita, ko ɗan abincin kifi ya ruɓe. Ka sa maganin kashe kulorin, ka bar filta tana aiki dare da rana, domin ƙwayoyin nan sai da oksijin. Ɗumin ruwa ya zauna wajen digiri 26 zuwa 28. Kana gwajin ruwan za ka ga amoniya ta sauka, naitirayit ya hau ya daɗe a sama (a nan ne mutane ke karaya), sannan ya faɗi. Ranar da ka zuba amoniya, bayan awa 24 ita da naitirayit duka suka nuna sifili, naitiret kuma ya bayyana, raino ya yi. In ka sami tsohon soso daga tanki mai lafiya, ka aro iri ke nan, kwanakin za su ragu sosai.

Da farko na rubuta "rainon matata", tunda a na'urar tacewa ƙwayoyin suka fi yawa. Sai wani dattijo ya ce, "Yaro, sake karanta abin da ka rubuta kafin uwargida ta gani." Na sake karantawa, na janye. Don haka: rainon tanki. Wanda aka gama rainonsa kuma, ƙosasshen tanki. An ce "ƙosa" tana nufin gajiya da jira. Haka ne, amma mai tankin ne ke yin wannan ƙosawar.

Sunayen ƙwayoyin ba za mu taɓa su ba. Tun 1890 masanin kimiyya Sergei Winogradsky ya gano su, kuma Nitrosomonas mai cin amoniya sunanta ke nan a ko'ina. An daɗe ana cewa Nitrobacter ce ke aikin mataki na biyu a tanki, wato juya naitirayit ya koma naitiret, sai a 1998 bincike ya nuna Nitrospira ce.

Kalma ta biyu ba ta ba mu wahala haka ba: kifayen da ake haɗawa a tanki ɗaya. "Kifayen jama'a" ta faɗi nan take, kamar na kowa da kowa ne. "'Yan zaman lafiya" kuma alkawari ne da kifi bai ɗauka ba, ai zo mu zauna zo mu saɓa. Na zaɓi "kifayen zaman tare", domin ta bar wa mai tanki aikin duba wa zai zauna da wa. Duk abin da ya shiga bakin kifi abinci ne, shi ya sa babban enjel ke haɗiye ƙananan niyon tetira. Taiga bab yana yagar jelar gofi. Mazan beta biyu ba sa haɗuwa. Kifin zinare ya fi son ruwa mai sanyi, ba ya cikin sahun masu digiri 24 zuwa 27. Niyon, da rasbora, da koridoras mai kiwo a ƙasa, waɗannan suna zama lumui. Kuma ko tanki ya ƙosa, rukuni-rukuni ake zuba su, mako ɗaya ko biyu a tsakani, domin ƙwayoyin daidai abincin da suka saba samu suke yawa.

Niyon, da rasbora, da koridoras ba a ajiye su ɗaya-ɗaya, sai shida ko fiye, in ba haka ba su ɓuya su daina ci. Na kira su "'yan garke". Dattijon nan ya ce garke na masu ƙafa huɗu ne, shi "'yan ayari" yake so. Baba, niyon dai tafiya suke yi a jere, amma koridoras rabin yini a zaune suke a kan tsakuwa, ban ga ayarin ba. Ina nan kan garke har sai an kawo wadda ta fi ta.