Kun taɓa korar wanda ya gaya muku gaskiya a coci?

Wani dattijon ikilisiya: 'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Ran Lahadi aka karanta mana Matiyu 23:37, inda Yesu yake kuka da Urushalima mai kashe annabawa, mai jifan waɗanda aka aiko mata. Tun ranar barci ya ƙaurace mini. Shekarun baya muna da wani mai bishara, yaro ne sabon aure. Ya tsaya gaban jama'a ya tambayi inda kuɗin rufin coci suka shiga, don sau uku ana baiko na musamman amma ko kwano ɗaya ba a gani ba. Mu dattawa muka ce ya yi mana rashin kunya, muka rubuta takarda aka yi masa canji. Da hannuna na sa hannu. Ranar tafiyarsa ina leƙe ta taga: katifa da buhun masara a bayan a-kori-kura, matarsa da goyo, ba wanda ya fito rakiya. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Wata uwa daga Zumuntar Mata: Baba, mu ko takarda ba mu rubuta ba. Wata gwauruwa ce ta miƙe a taronmu ta ce muna ta fitar da anko, ga marayu uku an koro su daga makaranta saboda kuɗi. Sai muka ɗauke mata wuta, gaisuwa ma da ƙyar, har ta daina zuwa. Abin da ke bakinmu shi ne, wace ce ita, ko aji ɗaya ba ta yi ba. Da na karanta Amos 7 na ga Amaziya firist na Betel yana korar annabi Amos, makiyayi daga Tekowa, wai ya koma Yahuza ya nemi abincinsa a can, sai jikina ya yi sanyi.

Wani matashi: Baba da Mama, ku gafarce ni, amma ba duk mai cewa “Ubangiji ya ce” ne Ubangiji ya aiko ba. Wani ya zo garinmu taron farkawa, ya nuna kakata da yatsa ya ce mayya ce. Da muka yi magana sai aka toshe mana baki da Zabura 105:15, wai kada a taɓa shafaffe. Tsohuwar nan har ta rasu ba ta sake taka coci ba. 1 Yahaya 4:1 fa cewa ta yi a gwada ruhohi.

Wani fasto mai ritaya: Ɗana, gaskiyarka, kuma Allah ya ba ku haƙuri. Mutanen Biriya ma sai da suka auna wa'azin Bulus da Nassi. Amma duba 1 Sarakuna 22: annabawa wajen 400 suka gaya wa Sarki Ahab abin da kunnensa ke so, Mikaiya kaɗai ya saɓa, shi ne ya sha mari ya kwana a kurkuku. Ni na yi wa'azi a kan wani mai kuɗi da ya cinye gonar marayun ƙaninsa, ban ma kama suna ba, aka riƙe albashina wata huɗu. Wata tsohuwa ce take aiko mana tuwo da miyar kuka bayan duhu ya yi, don kada a gan ta. Kullum ina tuna ta idan na karanta Irmiya 38, yadda Ebed-melek mutumin Habasha ya zura wa Irmiya tsummoki ya sa a hammata, kada igiya ta yanke shi wajen fito da shi daga rijiya. Baba dattijo, mai bisharar nan yana da rai?

Dattijon ikilisiya: Yana nan da ransa, Baba Fasto, a wani ƙauye can bayan dutse. Na samo lambarsa wurin surukinsa, na kira sau biyu na kashe kafin ya ɗauka. Maganar ba ta waya ba ce. Ran Asabar zan hau mota, in Allah ya yarda. Ku sa ni cikin addu'a.